Ranar da Aka Gyara Lifta

Nas ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Almakashi, kamar dai za ta tsinci wani abu a cikin tarin lambobin, ta ce, "Mama, kin ja da baya."

"Baya ina?"

"Baya daga bakin ramin. Bara na ce miki ƙafa ɗaya na ciki, ɗaya na waje. To yau duka biyun suna waje. Sugan jininki ya dawo daidai."

Shekara talatin da ɗoriya Almakashi na yanka yadi a ɗakin ɗinkin da ke hawa na shida na wannan bene, kuma ba don aikin kaɗai aka laƙaba mata sunan ba, har da bakin. Amma yau bakin ya ƙi buɗuwa. Mahaifiyarta ta gani a zuci, zaune a bakin gado, riƙe da zare, tana laluben kafar allura da idon da ciwon sukari ya riga ya cinye. Yayanta yana kan magani, ƙanwarta ma haka. A gidansu ba a tambayar ko ciwon zai zo, sai dai a tambayi yaushe. Ita kuwa da ido take ci. Tela ya iya ɗinki da lalube in hannunsa ya saba, amma mai yanka in ta kauce da faɗin farce ta kashe yadin mutane.

"Sake dubawa, 'yar nan. Kar ki ba ni na wata."

"Naki ne, Mama." Nas ta yi dariya. "Amma fa ba sallama na yi miki ba. Ja da baya ya yi, bai mutu ba. Duk abin da kike yi, ki ci gaba da yin sa. Ni dai na jinjina miki. Ba kowa ke da ƙarfin zuciyarki ba."

Almakashi ta karɓi yabon ta juya shi ciki da bai, yadda take yi wa yadin da ba ta yarda da shi ba. Ƙarfin zuciya? Bara, da wannan ƙaramin asibiti na ƙasan benen ya yi wa ma'aikatan ginin gwaji kyauta, mutum uku aka ware daga ɗakin ɗinki aka ce suna gab da kamuwa: ita, da Mai Guga, da 'Yar Maɓalli. Nas ta haɗa su da wasu ta ce ƙungiya ce, a riƙa zama duk mako ana ƙarfafa wa juna gwiwa. Sun zauna kuwa. A kan kujeru masu laushi suka zauna, ana ta bayani kan amfanin motsa jiki, wata baiwar Allah tana zagayawa da biskit. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta mutu, ba wanda ya je ta'aziyya. Iyakar ƙarfin zuciyar da ta san ta yi ke nan.

Amma murna ba ta jiran a gama bincike. Ta fito daga asibitin tana jin jikinta sakayau, labari na yi mata ƙaiƙayi a baki, sai ta tarar da harabar ginin a cike. Wasu maza da riguna duk baƙin mai suna tura wani ƙaton ƙarfe a kan amalanke, mutane na buɗa musu hanya suna tafi. A tsakiyarsu ga Mai Guga, ƙato mai gashin baki, yana taka rawa ba kiɗa.

"Yaya, an kawo injin," ya ce. "Yau ɗin nan. Kafin a tashi cin abinci lifta za ta tashi. Gwiwoyina sun ce in gaishe ki."

Wata da watanni ke nan liftar ginin tana mace, ƙofarta a rufe da igiya, mai ginin yana ta alkawari. Almakashi ta ji daɗi ya haɗu mata biyu. Ta ce, "Kai, yau wace irin rana ce?" Har ta ɗan taya shi girgiza kafaɗa.

'Yar Maɓalli ta iso da goyon jaka da kwanon abinci, 'yar firit da ita, uwar yara uku. Bandir ɗin yadin da aka kawo jiya yana jingine a gindin matakala. Mai Guga ya kama kai ɗaya, Almakashi ta kama ɗaya.

"Hawan ban kwana," in ji 'Yar Maɓalli. "Ku taka a hankali, ku yi wa kowace matakala Allah ya isa."

Sun san benen nan kamar tafin hannunsu. Ɗan filin da ke tsakanin hawa da hawa zango suke ce masa. Zangon farko warin tawadar masu buga takardu yake yi. Na biyu shiru, ƙofofin lauyoyi a rufe. Na uku shi ne nasu, akwai taga mai fasasshen gilashi da iska ke shigowa, da wani tsohon bokiti da aka kifa wa Mai Guga tun makon farko, lokacin da yake isowa nan yana huci kamar dutsen gugarsa. Bandir kuwa mutum biyu ke ɗaukarsa, in ɗaya ya tsaya dole ɗaya ya tsaya. Daga nan abin ya bi jikinsu, ko da kaya ko ba kaya ba a wuce wanda ya tsaya. Da safe ma sai su jira juna a ƙasa, don ba mai son ya zagi mai ginin shi kaɗai ba mai amsa masa.

A zango na uku ta kasa riƙe maganar. Ta sauke nata kan bandir ɗin ta faɗa musu.

'Yar Maɓalli ta ajiye kwano ta rungume ta, har ɗankwalinta ya zame. Mai Guga ya buga ƙirji. "Ban faɗa miki ba? Ganyen nan ne mai ɗaci da na kawo miki."

"Sau biyu na sha. Sauran na juye wa fulawar da ke bakin tagata, fulawar ta mutu."

"To takalmin tafiyar nan ne da 'yarki ta saya miki, Mama," in ji 'Yar Maɓalli.

"Yana cikin kwalinsa. Ko takardar da aka cusa masa ban cire ba."

"To me kika yi?"

Abin da ita ma take tambayar kanta ke nan tun a gaban Nas. Ta dubi Mai Guga. A tsaye yake, kan bandir a kafaɗa, yana magana ba haki. Wandon da ke jikinsa ita da hannunta ta rage masa ƙugu har sau biyu, yana cewa wai yadin ne ke buɗewa.

"Kai, yaushe rabonka da zama a kan bokitin nan?"

Ya dubi bokitin. Ƙura ta kwanta a kansa, gizo-gizo har ya yi saƙa a hannun.

"Yaushe rabon matar nan mai tallan lemon kwalba da kek ta hawo mana?"

"Tun da ta ce ƙafarta ba ta haya ba ce," in ji 'Yar Maɓalli.

"Da, kwalba nawa kake sha kafin a tashi?"

"Yaya, mai guga cikin zafi yake. Ba a ƙirga masa."

"Yanzu fa?"

"Ruwa," ya faɗa a hankali, kamar an kama shi da abin kunya.

"Soye-soyen bakin titi fa? Wa ya hana mu? Ba wanda ya hana mu. In ka sauka ka saya sai ka sake hawowa, shi ya sa kowa ya koma kawo na gida. Waken 'Yar Maɓalli da ganyenta, cokali uku a kwano ɗaya, kowa na kallon hannun kowa." Ta tafa hannu. "Ba ganye ba ne, ba takalmi ba ne, ba zuciya ba ce. Liftar ce."

Mai Guga ya fashe da dariya har bandir na rawa. "Wato mai ginin nan da muke tsine wa safe da yamma, ashe shi ne likitanmu? A kai masa tukuici."

Suka yi ta dariya su uku, 'Yar Maɓalli na share hawaye. Sai ƙarar guduma ta taso daga bayan bango, daga ramin liftar, ƙwam, ƙwam. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe wuta.

"To ai sai mu ci gaba da hawa," in ji 'Yar Maɓalli. "Wa zai hana mu? Mu yi alkawari."

"Haka muka ce a kan kujerun Nas," in ji Almakashi.

Almakashi ta daɗe a duniya, ta ga ƙarshen alkawari iri-iri. Mutane na son a ce zuciyarsu ce ta yi aiki, alhali sau da yawa hanya ce kawai ta toshe suka bi wata. Ta san kanta. Ranar da ta kwana da ciwon baya, ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe, fitila na haske, ba mai kallo, za ta ce yau kaɗai. Mahaifiyarta ma da yau kaɗai ta fara. Ta sunkuya ta ɗauki kan bandir, suka ƙarasa sauran hawan.

A sama ɗakin ɗinki ya kacame. Kekuna na gudu, amma ba mai kallon ɗinkinsa, kowa kunnensa na bango. Uwar ɗaki, mai wurin, ta fito daga ɗan ofishinta da sabon mayafi tana ba da umarni. Ta sa an kawo akwatunan lemo da kek, suna ƙasa, su ma a lifta za su hau. A share bakin ƙofa. Wanda ya fi kowa daɗewa a wurin shi zai fara shiga.

"Ke ce, Almakashi. Ki gyara ɗaurinki, za a ɗauki hoto."

Almakashi ta shimfiɗa yadi a kan dogon teburinta, ta daidaita bakinsa, ta ja alli. Ta zaro almakashin daga aljihun gaban rigar aikinta, baƙi mai nauyi, wanda tun tana budurwa yake hannunta, ko Uwar ɗaki ba ta isa ta yanke zare da shi ba. Ta kafa shi a kan layin. Layin ya fito mata tar, har zaren saƙar yadin tana gani ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya tana kallonsa. Ta mayar da almakashin aljihu ta fita.

Akwai 'yar matakalar ƙarfe da ke kaiwa ɗakin injin a kan rufi. Ba ta taɓa hawanta ba sai yau. A ciki babban makanikin yana durƙushe gaban wani akwati a buɗe, wayoyi ja da shuɗi da ɗorawa sun fito kamar hanjin kaza.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yawwa Mama. A yi hankali da kai, rufin gajere ne."

"Wannan gyaran, zai kai yaushe kafin ta sake lalacewa?"

Ya miƙe yana goge hannu, fuskarsa cike da alfahari. "Mama, sabon inji ne. Jikokinki ma sai sun hau ta."

"Ko ɗan tari ba za ta riƙa yi ba? Mako ɗaya a wata haka?"

"Ba a aikina ba."

Wani ya kira shi daga ramin, ya leƙa yana amsawa, ya ba ta baya. Wayoyin suna nan kusa da gwiwarta, sirara, ba su kai kaurin igiyar wando ba. Hannunta ya shiga aljihu da kansa, yatsunta suka zauna a cikin kunnuwan almakashin, inda suka saba zama. Zuciyarta na bugawa kamar ta yarinyar da za ta saci nama a tukunya. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne daɗin da take ji.

Sai ta ji hayaniya daga titi. Ta leƙa ta ƙaramar taga. Wata mota ta tsaya a ƙofar ginin, direba ya fito da keken guragu daga baya yana warware shi, ana taimaka wa wani mutum mai farar riga ya zauna. Ko daga nan ta gane ƙeyar.

Allura ne, mai yi musu aikin wuyan riga. Don tsokana aka sa masa sunan, tun lokacin da ƙofa ke yi masa kaɗan. Tare suka fara aiki a wurin nan, shi da ita. Ciwon sukari ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke daga gwiwa, ya warke ya dawo aiki a keke. Bai daɗe da dawowa ba lifta ta mutu. Tun daga nan a gida yake, ana aika masa da riguna a mota, yana yi shi kaɗai a ɗaki. Duk lissafin da ta yi tun safe, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba.

Ta zare hannunta daga aljihu kamar ta taɓa wuta.

"Allah ya yi albarka, ɗana," ta ce wa makanikin. "A ɗaure ta da kyau."

Kafin ta sauko labari ya riga ta. Ɗakin ɗinki kaf ya zubo ƙasa, har da Uwar ɗaki tana riƙe da ƙarfen matakala tana nishi. Aka kewaye Allura. Ya sha aski, ya sa turare, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe da fil, ya rungume akwatin zarensa a cinya kamar jariri. Bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kai, Mai Guga, ina sauranka? Wa ya ci rabinka?" Ya juyo. "Almakashi, ashe kina raye? Na ce ko bakinki ya yanke ki."

"Ina jira in ga bayanka tukuna."

Aka kwance igiyar. Fitila ta kama a saman ƙofar, wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofar ta buɗe a hankali, mutane suka ɗauki tafi da guɗa, lauyoyi ma sun fito suna leƙe. Ɗan akwati ne, in keke ya shiga sai mutum ɗaya ko biyu a tsaye. Uwar ɗaki ta tura keken Allura ciki, ta kamo hannun Almakashi ta shigar da ita. Aka ɗauki hoto. Ƙofa ta rufe.

Gaskiya ɗaya ce, daɗi ne da ita. Sabon madubi, iska mai sanyi daga sama, ƙasa na ɗaga ka kamar uwa ta ɗauki ɗa. Hawan farko ya wuce ba warin tawada. Na biyu ya wuce. Gwiwoyinta suka saki, wani abu a bayanta da ya daɗe a ɗaure ya kwance. Ta lumshe ido. A nan ta tabbatar ba za ta iya da kanta ba.

"Yau Nas ta ce na ja da baya," ta faɗa idonta a rufe. "Ya dawo daidai."

Allura ya buga hannun kekensa. "Ke? Da gaske? To me ya sa fuskarki kamar an aiko miki da rasuwa?"

Ta faɗa masa, a gajarce, bokiti da mai lemo da kwanon wake. Har wayoyin ɗakin inji ba ta ɓoye ba. Ya yi dariya sai da ya ƙware.

"Da kin yanke, da na sa an ɗauko ni a kafaɗa na zo na shaƙe ki."

Ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe a hawa na shida. Ga ɗakin ɗinki a buɗe, ba kowa, ga teburinsa can kusa da taga an tara masa tarkace a kai. Ya daɗe yana kallonsa. Bai tura keken ba.

"Ni ma an faɗa min, kin sani," ya ce. "Tun ina da ƙafa biyu. Ba rashin sani ba ne. Matsalata kowa so na yake. Matata na so na, tana ƙara min cokali. Ku ma kuna so na. Allura zauna, bari a miƙo maka. Ke da kanki sau nawa kika kawo min lemo har tebur? Ban samu mai ƙi na ba, ko mutum ɗaya."

"To ni ka ƙi ni."

"Da ma can ban taɓa son ki ba." Ya miƙa hannu ya danna maɓallin ƙasa.

Da ƙofar ta buɗe a ƙasa, Mai Guga ne a gaba, ya riga ya ɗaga ƙafa.

"Tsaya," in ji Allura. "Kaya tukuna. Miƙo jakarka. 'Yar Maɓalli, kawo taki. Wancan ƙunshin zaren ma, a sa shi nan. Wancan bandir ɗin fa, na waye? A jingina shi a bayana."

Aka yi ta miƙowa ana dariya, ana zaton tsari yake yi. Ya tara a cinya, ya rataya a hannun keke, ya cusa a gefe. Almakashi ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta tsinci kanta a waje. Ya dubi hagu ya dubi dama.

"Af. Ba wuri."

"Kamar yaya ba wuri?" in ji Mai Guga. "Ga wuri nan. In na tsuke cikina..."

"Ba ka da cikin da za ka tsuke, kuma ba za ka sake yin wani a idona ba. Ku ukun nan da aka ware, ga hanyarku can."

"Kawu, yau ɗaya dai," in ji 'Yar Maɓalli. "Mu ɗanɗana."

Allura ya dubi ƙafarsa. Ya ɗan gyara fil ɗin da ke riƙe da ƙafar wandonsa, a hankali, kamar ya kwance ne. 'Yar Maɓalli ta sunkuyar da kai.

"Ni fa?" in ji Uwar ɗaki.

"Ranki ya daɗe, ke ba a ware ki ba. Zan dawo in ɗauke ki." Ya juyo wajen Almakashi ya buɗe tafin hannu. "Kawo."

"Me?"

"Kin sani."

Kowa ya zuba wa Almakashi ido. Duk wanda ke wurin ya san ba a taɓa wannan almakashin. Ta dube shi, ta dubi madubin da ke bayansa, ta ga wata tsohuwa da ɗauri a karkace, ido biyu tar a fuskarta. Ta zaro shi, ta juya, ta miƙa masa ta wajen kunnuwan.

"Ki same shi a sama," ya ce. "Gobe ma haka. Da sassafe ake sauke ni, kafin ku iso ina nan a bakin ƙofar nan ni da kekena. Wanda ya zo ya ɗora min kayansa, in tafi da su."

"Ranar da ba ka zo ba fa?"

"Ranar sai ku ƙi juna. Ku uku ne, ba za a rasa mugu ba."

Ƙofa ta rufe a kansa yana washe baki.

Akwatunan lemon suna nan a gefe suna jiran tafiya ta gaba. Ta gan su. Mai tallan kek ma ba za ta kwana ba ta ji labari ba. Wannan faɗan na anjima ne. Nas ta leƙo daga ƙofar asibiti tana murmushi, ta ce, "Barka, Mama. Yanzu kun huta da wahala."

"Mun huta, 'yar nan," in ji Almakashi, ta nufi matakala.

Ba kaya a hannunsu, sai suka ji hawan wani iri, hannuwa na lilo ba abin yi. Mai Guga yana ta mita, wai an yi masa fashi da rana tsaka, wai rawar da ya taka da safe a biya shi. Sun wuce warin tawada ke nan suka ji liftar ta sauko ta tsaya a hawa na biyu, daidai bayan bango. Daga ciki wata ƙara na fitowa, wadda Almakashi za ta gane ko a cikin barci. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

"Iska yake yankawa da almakashina," ta ce. "Wannan ɗan banzan zai dasashe min baki." Ta ɗaga murya. "Allura, in na iso ka shiga uku."

Liftar ta ja sama, ƙarar na bin ta. Almakashi ta tattare zaninta ta bi, tana taka bibbiyu inda gwiwa ta yarda, Mai Guga na biye yana dariya yana cewa Yaya a hankali. Ta kai zango na uku, ta wuce bokitin, ta sa ƙafa a matakala ta gaba.

Sai ta ji takun bai cika ba. Ta waiwaya. 'Yar Maɓalli tana can ƙasa, ta tsaya gyara takalmi.

Almakashi ta dawo da ƙafarta. Ta jingina da tagar, iska na shigowa ta fasasshen gilashin tana busar mata da gumi, ta jira.